Tanx na T. Rex: wace waƙa ce ta fi zauna muku a rai?

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum jama'a. Duk inda aka ambaci mawaƙin Birtaniya Marc Bolan da ƙungiyarsa ta kiɗa, T. Rex, faifai biyu ake kawowa, wato Electric Warrior na 1971 da The Slider na 1972, sai a tsallake Tanx da ya fito a watan Maris na 1973 kamar ba a yi shi ba, alhali kuwa ya kai mataki na 4 a jadawalin cinikin faifai na Birtaniya, daidai inda The Slider ya tsaya. A ganina abin da ya cuce shi shi ne waƙoƙin da suka yi tashe a wannan tsakani, irin su Children of the Revolution da 20th Century Boy, an sake su ne daban a ƙananan faifai, ba a sa ko ɗaya a cikinsa ba. Ina roƙon duk wanda ya taɓa zama ya saurare shi daga farko har ƙarshe ya gaya mana yadda ya haɗu da shi da kuma waƙar da ta fi kama shi.

Wani dattijo daga Zariya: Wa alaikumus salam. Ni a hannun wani mai sayar da tsofaffin faifai na same shi lokacin da nake karatu a Ingila, ba da jimawa ba bayan hatsarin motar da ya yi ajalin Bolan a Landan a watan Satumba na 1977, lokacin da mutane suka sake waiwayar kayansa. Hoton bangon ma kansa ya isa ya sa mutum ya yi jinkirin saye, domin ga Bolan, ƙato da shi, ya hau tankar yaƙi ta wasan yara yana hura hanci. Amma da na ɗora allura a kan waƙar farko, Tenement Lady, sai na ga aikin ya wuce wasa. Waƙar tana farawa da rugugin jita irin wanda aka san su da shi, kana cikin kaɗa ƙafa sai kiɗan ya narke a tsakiya, ya koma wata waƙa dabam mai sanyi, murya na lilo kamar daga ƙarƙashin ruwa take fitowa. Waƙoƙi biyu ne aka ɗinke wuri guda, kuma rabin na biyun ne nake ɗaga allura in mayar baya saboda shi, har wurin ya soma ƙarce. Wadda ke bi mata a zuciyata ita ce Broken-Hearted Blues, wadda ba ta wuce minti biyu da 'yan daƙiƙu ba, kuma har yau ina jin haushin gajartarta.

Mai aikin haɗa sauti a Kano: Baba, Allah ya ƙara girma, wannan sanyin da ka ji a rabi na biyu aikin Tony Visconti ne, wanda shi ya tsara sautin faifan, kuma ya yi amfani da Mellotron, wata na'ura mai kama da fiyano wadda kowane maɓallinta ke kunna zare irin na kaset da aka naɗi sautin goge ko sarewa a kansa. An naɗi yawancin faifan a Château d'Hérouville kusa da Faris, gidan da mawaƙi Elton John ya naɗi faifansa Honky Château a cikinsa. Ni sana'a ce ta kai ni gare shi, domin ina neman misalin yadda ake jera muryoyin amshi a bayan mawaƙi ba tare da sun danne shi ba, sai wani abokin aiki ya ce in saurari waƙar ƙarshe, Left Hand Luke and the Beggar Boys. Na sa abin sauraro a kunne na bi ta daki-daki. Tana farawa a hankali, sannan matan da ke amshi su shigo da salon waƙoƙin coci na baƙaƙen Amurka, kowane zagaye suna ƙara ɗaga murya, goge na taruwa a ƙarƙashinsu, shi kuma Bolan muryarsa na karkarwa tana neman tsinkewa amma ba ta nutse ba. Ta haura minti biyar, ita ce mafi tsawo a faifan, kuma a wurina ita ce ta fi kowace. A nan ne mutum zai gane cewa hankalin Bolan ya riga ya karkata zuwa kiɗan soul na baƙaƙen Amurka, tun kafin masu sauraronsa su shirya bin sa can, kuma ina zaton wannan ma yana cikin abin da ya sa aka yi wa faifan riƙon sakainar kashi.

Wata malama daga Yamai: Ni ban taɓa riƙe faifan a hannu ba, a waya na ji shi, kuma irin wanda aka sake fitarwa ne aka cusa masa waɗancan shahararrun waƙoƙi a ƙarshe, don haka sai daga baya na fahimci cewa asalinsa waƙoƙi 13 ne kawai. Abin da ya fara tsayar da ni shi ne muryar wata ƙaramar yarinya tana magana da Faransanci a farkon Mad Donna, na yi dariya na sake kunnawa. Sai dai wadda nake komawa gare ta idan na gaji da aikin gyaran takardun ɗalibai ita ce Electric Slim and the Factory Hen, saboda tafiyarta a natse take, jita mai kaurin sauti ta ɗan ƙungiyar Steve Currie tana riƙe da ita ba gaggawa. Malam mai haɗa sauti, ka yi haƙuri, Left Hand Luke ta cika hayaniya a ƙarshenta.

Wani matashi mai koyon jita: Iyayena da yayyena, ku gafarce ni, amma ina ganin ana ɗan zuzuta faifan fiye da kima. Shock Rock da Country Honey ko minti biyu ba su kai ba, kuma duk wanda ya gwada kaɗa su zai ga cewa salon jita ɗaya ne aka yi ta maimaitawa aka tashi, kamar an rubuta su ne a tsaye. Wadda na sha wuya a kanta, na kuma ji daɗin wuyar, ita ce Rapids, domin jitar tana zamewa ne tana jan jiki a bayan gangar Bill Legend, makaɗin gangar ƙungiyar, kuma idan ka yi saurin ko da ƙiftawar ido sai armashin ya zube. Born to Boogie ma tana da daɗi, amma ita an riga an sake ta a bayan ƙaramin faifan Solid Gold Easy Action a ƙarshen 1972, saboda haka ba na lissafa ta cikin waɗanda aka manta.

Dattijon Zariya: Ɗana, a kan waɗancan gajeru biyun ban ja da kai ba, ni ma ba don su na ajiye faifan ba. Amma na lura babu wanda ya ambaci Highway Knees, wadda take daf da ta ƙarshe a fuska ta biyu, kuma a faifan garmaho ita ce ke kwantar da kunne kafin matan amshin nan su taso. Malama, tun da a waya kike ji, ki cire waƙoƙin da aka ƙara, ki fara daga Mad Donna ki bi jerin yadda aka tsara shi har ƙarshe ba tsallake, sannan ki dawo ki gaya mana ko har yanzu hayaniya kike ji.