Robot ɗin Gundam na haɗawa da hannu: wanne ya dace da yaro ɗan shekara 12?

Kawun Yara, Mabera:

Assalamu alaikum jama'a. Ɗan yayata ne, shekararsa 12, ya matsa sai an sayo masa robot ɗin nan na Japan da ake haɗawa da hannu, Gundam. Na duba shagunan intanet sai kaina ya ɗaure: wani kwalin HG 1/144, wani MG 1/100, wani RG, kuɗinsu ma da nisa tsakani. Wanne ya dace da mai koyo? Dole sai da gam da fenti? Kuma zafin garin nan da ƙurar hunturu ba za su lalata shi ba?

Mai Gyaran Waya, Gawon Nama:

Wa alaikumus salam, Kawu. Sayi HG 1/144, kada ka wahalar da kanka.

Lambar nan awo ce. A cikin labarin katun na Gundam, wanda aka fara nunawa a talabijin ɗin Japan a 1979, tsawon Gundam na farko, RX-78-2, mita 18 ne. In ka raba gida 144 za ka samu santimita 12 da rabi, wato bai kai tsawon wayar hannu ba. Na 1/100 santimita 18, na 1/60 kuwa 30. Kamfanin Bandai ke yin su tun 1980, kuma sunan da masu harkar ke kiran su Gunpla.

Haruffan kuma matakin wahala ne. HG shi ne na gama-gari, firam ɗin roba (wato zangarniyar da guntayen ke zuwa manne a jikinta) kaɗan ne a ciki, awa biyu zuwa uku an gama. MG sai an fara gina ƙashin ciki sannan a lulluɓe shi da sulke, guntayensa ɗaruruwa. RG shi ke yaudarar mutane: girmansa ɗaya da HG, sai a ɗauka sauƙinsu ɗaya, alhali wasu guntayensa ba su fi ƙwayar shinkafa ba, kuma a kwalinsa shekara 15 zuwa sama aka rubuta. Akwai EG da ya fi duka sauƙi, da yatsa ma ake ɓalle guntayensa, amma yaro ɗan 12 zai gama shi tsakanin La'asar da Magariba ya dawo ya tsaya maka a ka.

Ba a buƙatar gam ko fenti. Robar da launinta take zuwa, guntayen kuma shiga juna suke su kama. Sai dai in ka yi kuskuren sayen irin tsohon yayi na shekarun 1980, wanda har yanzu ana sake buga shi. Shi kam sai da gam da fenti.

Ka kula da jabu. Na asali akwai tambarin Bandai a kwali, kuma a jikin kowane firam an buga sunan kamfanin da shekara. Ka sa mai sayarwa ya turo hoton firam ɗin a cikin ledarsa, ba hoton kwali kawai ba. Matsalar jabu ita ce ramin da tsinken ba sa zuwa daidai, wani ya yi sako-sako, wani sai an danna da ƙarfi har ya tsage.

Ɗan Marina:

Wanga bayani ya yi. Ni bisa yanka zan tsaya, don nan aka fi ɓata aiki.

Kayan aiki huɗu sun isa: 'yar filayar yanka mai bakin da gefe ɗaya ke a shafe (irin wadda masu gyaran rediyo ke datse ƙafar kayan wuta da ita), hantsaki, samfefa lamba 600 da 1000, da tire mai baki. In babu filayar, sabon abin yankan akaifa ya fi almakashi nesa ba kusa ba. Reza kam a hannun babba za ta zauna.

Kowane firam yana da harafi, kowane guntu da lamba. In takardar bayanin da ke cikin kwali ta ce A12, a nemo firam A, a ciro na 12 kaɗai. Kada yaro ya yanke duka ya tara, don lambar a jikin firam take, ba a jikin guntun ba. Da ya rabu da firam, ba ka bambance na ƙafar dama da na hagu sai da wahala. Takardar hoto ce tsantsa, ko ba ka jin Japananci za ka bi ta. Inda ka ga x2, biyu za a haɗa.

Yankan sau biyu ake yi. Na farko can nesa da guntun, a bar ɗan tsini kamar milimita 2. Na biyu, bayan guntun ya fita, a kwantar da shafaffen gefen filaya a jikinsa a datse tsinin. Mi ya sa? In anka yanka lokaci ɗaya dab da jiki, nauyin firam na ja, filaya na matsa, robar ta miƙe kafin ta yanke, sai wurin ya yi farin tabo. Bisa shuɗi da ja tabon ya fi fitowa. In ƙarami ne, a murza da akaifa zai dushe; in ya yi tudu, 600 tukuna sannan 1000.

Kada a murɗe guntu da hannu. Kuma a yi hattara da ƙahon nan na goshi mai siffar V, shi ne farkon abin da ke karyewa. A bar shi sai ƙarshe.

Akwai wani firam mai laushi, galibi ruwan toka, an rubuta PC. Su ne ke zama cikin gwiwa da kafaɗa. In an manta ba a sa ɗaya ba aka rufe cinya, kada a ɓamɓare da wuƙa. A zura bakin tsohon katin waya mai ƙarfi ko siririn abu na roba a tsagar, a bi kewaye a hankali har ta buɗe.

A yi aikin bisa tire, a kashe fanka. Guntun ido in ya faɗa tabarma, sai dai haƙuri. In akwai mai rarrafe a gidan, a yi nesa da shi, yana iya haɗiyewa.

Malamar Fasaha, Arkilla:

Kan zafi, Kawu kwantar da hankalinka. Robar da aka fi yin su da ita sai wajen digiri 90 zuwa 100 take sakin jiki, don haka zafin ɗaki na Afrilu, ko ya haura 40, ba zai narkar da ita ba. Abin gudu shi ne barin sa a rufaffiyar mota a rana, inda siraran guntaye kamar takobi ke lanƙwashewa, da ajiye shi bakin taga. Hasken rana ke mayar da farar roba ruwan ɗorawa, kuma Gundam rabinsa fari ne. Zafi yana kuma sa gefen sitika ya ɗago. A ɗora ta da hantsaki, a danne da audugar kunne, kada yatsa mai gumi ya taɓa gam ɗinta.

Ƙura ita ce abokiyar gaba. Tana shiga gaɓoɓi, duk motsawa tana ci kamar samfefa, har hannu ya daina riƙe bindiga. A sa shi a roba mai murfi ko shokes na gilashi, a riƙa kaɗe shi da buroshin hoda mai laushi. Kada a goge da fetur, kananzir, tina (ruwan tsinka fenti) ko abin cire jan farce.

Nan na ɗan saɓa da Mai Gyaran Waya: gaskiya ba dole sai da fenti ba, amma in ba a cike layukan jikin sulken da baƙi ba, abin wasa kawai za ka gani. Sai dai ruwan cike layin da ake gani a bidiyo, mai tina, yana kwarara cikin tsaga inda roba ke a matse, ya sa ta yi rauni ta fashe bayan kwana biyu, musamman firam da aka rubuta wa ABS. Ga yaro, fensir mai tsini 0.5 ko siririn alkalamin zane (marker) sun wadatar, a goge abin da ya fita da kilina.

Fentin feshi na mota da ake samu a kasuwa yana iya cin fuskar robar ta yi yamutse. Duk mai son gwadawa ya fara da ragowar firam. A bazara kuma feshin kan bushe a iska kafin ya sauka, sai jikin ya yi kaushi kamar rairayi. A damina laima na sa shi hazo.

Kawun Yara, Mabera:

Allah ya saka da alheri, Malama. Ƙaninsa ɗan shekara 6 ma zai ce sai nasa. Shi ma HG ɗin?

Mai Gyaran Waya, Gawon Nama:

A'a, Kawu. Gunpla na tsayarwa ne a kalla, ba na kokawa a tsakar gida ba. Ƙaramin a nema masa haɗaɗɗe, irin Transformers masu rikiɗa su koma mota. Su ma asalinsu Japan ne: kayan wasan kamfanin Takara ne, Diaclone da Micro Change, Hasbro ta Amurka ta sake musu suna a 1984. Ka duba shekarun da aka rubuta a kwali, da yawan matakan rikiɗar. Mai mataki kaɗan za ka ɗauka. Masu nauyin nan na ƙarfe, Chogokin, da suka faro da Mazinger Z a 1974, yanzu yawancinsu na manya masu tarawa ne, ga tsada, fentinsu kuma na ɓarewa in suka faɗi.

In ƙaramin ya kai hannu kan na yayan har gaɓa ta yi sako-sako, a zare ta, a shafa jan farce marar launi siriri a kan tsinken, a bari ya bushe sarai, awa ɗaya ko fiye, sannan a mayar. In karyewa ta yi, ɗigon sufa gulu a bakin tsinken sakace ya isa. Kada a matso daga kwalba kai tsaye: tururinsa na barin farin hazo a kewaye, in kuma ya gangara cikin gaɓar, ta daskare ke nan.