Dan Allah wane irin ƙwaro ne wannan a jikin wakena?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum ƴan uwa, shawara nake nema. Ina Rijiyar Zaki, na shuka wake da kuɓewa a buhuna a tsakar gida, to darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotson ganye, ta kama waken sosai ganyen har danƙo yake, yanzu kuma wasu tsutsotsi sun bayyana, baƙaƙe masu ɗigon ruwan lemo da ƙafa shida, siffarsu kamar ɗan mitsitsin kada. Ɗazu Hanifa ta ɗauki ɗaya sai ya zubo mata wani ruwa rawaya a yatsa, ga wari, ta kai baki ta fashe da kuka wai ɗaci. Kajina ma da ba sa barin komai in sun tsattaga sai su yar. Guba ne? Maigidan ya ce a sa fiya-fiya kawai a huta.

Abba Hotoro:
Hajiya ki fesa kawai, abin da kaza ta ƙi ci ai ba alheri ba ne.

Malama Rabi Gwale:
A'a Abba, kar ka sa ta yi asara. Maman Hanifa kin san ɗan ƙwaron nan mai zagayayyen baya, ja ko rawaya da ɗigo-ɗigo baƙi? To ƴaƴansa ne waɗannan, ko kaɗan ba sa kama da uwar shi ya sa ake ruɗewa. Darɓar suka zo ci ba ganyenki ba. Ki wanke wa yarinya hannu da sabulu ta kuskure baki shi kenan, kar dai ta murza ido da shi. In kin ga kumburi ko ƙaiƙayi ya ƙi tafiya sai ki kai ta asibiti.

Dr. Sani:
Gaskiyar Malama ce. Ruwan nan ba fitsari ba ne ba kashi ba, jininsa ne yake matsowa da gangan in an taɓa shi. Babban ƙwaron ta gaɓoɓin ƙafa yake fitarwa, ɗan kuwa ta wasu ƴan ƙofofi a gadon baya. A ciki akwai sinadarai masu ɗaci ƴan gida ɗaya da kwinin da nikotin, ana ce musu alkaloyid, kuma sukan bambanta daga jinsi zuwa jinsi, na mai ɗigo bakwai na Turai shi ne coccinelline wanda masana a Beljiyam suka fara tacewa a 1971. Warin kuma wani sinadarin ne daban, aikinsa gargaɗi, tsuntsu ko ƙadangare in ya ɗanɗana sau ɗaya to warin da launin sun ishe shi tunawa. Ni abin da ya fi burge ni ma shi ne yadda jinin yake saurin daskarewa, ki sa ido ki gani, tururuwa ta kawo cizo sai ya liƙe mata baki da gashin kai, ta koma gefe tana ta goge-goge shi kuma ya ci gaba da kiwonsa. Har ƙwan ma uwar tana sa masa wannan ɗacin, ki ɗaga ganye za ki ga ƙwai rawaya a tsaitsaye a cure wuri ɗaya, kar ki murje.

Maman Hanifa:
Ikon Allah! Wallahi tururuwa kam cike take a jikin waken sai hawa da sauka. Ita ma darɓar take ci kenan?

Dr. Sani:
Ina! Kiwonta take yi Hajiya. Darɓa tana fitar da ruwa mai zaƙi, shi ne danƙon da kika gani, tururuwa na sha tana kuma yi wa darɓar gadi. Kuma jinin nan ba kyauta ba ne, duk wanda aka yi ta tsokana yana zubarwa girmansa na raguwa, don haka a hana yara wasa da su.

Baba Iliya mai lambu:
Ƴata, mu a bakin ruwa ba ma taɓa su. Amma ki duba da kyau akwai wani danginsu mai cin ganye, ɗansa rawaya ne jiki duk ƙaya mai rassa, yana kankare ganyen kabewa da kankana ya bar shi shara-shara, wannan a tsince a kashe. Naki tunda baƙi ne yana yawo cikin darɓa ki bar shi. Fiya-fiya kuwa a kan abin da za ku ci, ga yara ga kaji, ki ba maigida haƙuri.

Malama Rabi Gwale:
Tururuwar za ki yi wa dabara, ki ɗora buhunan a kan bulo ki zagaye da toka, reshen da ya taɓa bango ki janye shi don ta nan suke hawa. Inda darɓa ta yi yawa kuma babu ƴaƴan ƙwaron ki wanke da ruwa mai ɗan sabulu da yamma. Nan da ƴan kwanaki za ki ga sun manne a ganye sun dunƙule ba motsi, ba mutuwa suka yi ba, kamar mako ɗaya babban zai fito.

Abba Hotoro:
To na janye. Amma Dr. ni a jikin lemon tsamina farare ne masu gashi kamar auduga, su ma a bar su?

Dr. Sani:
Abba akwai jinsin da ƴaƴansa ke rufe jiki da farin kaki, tururuwa ta ciza bakinta ya cika da kakin, sai dai akwai farin ƙwaro mai tsotson bishiya da yake kama da shi sosai. Ka taɓa da tsinke, in ya tashi da sauri namu ne, in ya lafe bai motsa ba turo hoto mu gani.