Musayar Waƙa a Kan Shaihu Umar

Ɗan Kurmi:
Jama'a, na gwada karanta littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ga kukana:

Na ɗauko Shaihu Umar, yabonsa ya cika kunnena,
Ban kai shafi goma ba, barci ya rufe idona,
Kura ta cinye ɓarawon yaro, ban ji ko ɗar ba a raina,
Ku faɗa mini, sanyin nasa ne, ko laifin yana wurina?

Malam Alƙalami:
Ɗana, ka saba da labarin soyayya mai zafi,
Wanda ake suma da kuka a kowane shafi,
Umar malami ne a Rauta, zaune gaban almajiransa, muryarsa ba ta neman ƙarfi,
Je ka wanke ido ka dawo, kogin nan yana da zurfi.

'Yar Zazzau:
Allah ya ƙara basira, Malam, amma ɗango na uku ya yi tsawon da sai an sha ruwa kafin a kai ƙarshensa, kuma karin ya karye tun daga Rauta. Ni dai a cikin littattafan da gasar rubutun labaran Hausa ta 1933, wadda Bature Rupert East ya shirya, ta fitar a Zariya, har da Shaihu Umar ɗin, Ruwan Bagaja nake bi, domin Abubakar Imam bai taɓa sa kowa hamma ba.

Bagobiri:
'Yar'uwa, ke kam kin zo da mudun awo,
Ana zancen bauta, kina ƙirga gaɓa da yawo,
Wanda ya ce Malam ya karya kari, ya yi nasa baitin ya kawo.

'Yar Zazzau:
Yaya, naka ɗango uku ne, ina na huɗun ya ɓuya?
Ko ka bar shi a Sabon Birni, ya rasa kuɗin hanya?

Malam Alƙalami:
Ku bar mini ɗangona yadda yake, domin wanda zai ɗauki Rauta da almajiranta dole ya yi tsawo.

Ɗan Kurmi:
Ku yi haƙuri da jinkirin kwana uku, na koma na karanta shi a hankali bayan sallar asuba, na daina jiran ya yi mini ihu.

Na bi uwar Umar, wadda neman ɗa ya raba da gida,
Aka sayar da ita baiwa, ta ratsa Sahara ba ta fid da rai ba ko sau guda,
A Tarabulus suka gana, ba ta jima ba ajali ya gifta, ya bar shi shi kaɗai ɗaya tilo da kewa mai huda,
Malam, na ga zurfin, amma fa farkon har yanzu sai da shayi nake iya tauna shi kamar danƙo da gyaɗa.

Bagobiri:
To, 'yar'uwa, ga ɗangon da ya fi na Malam tsawo, me ya sa kika yi shiru?

'Yar Zazzau:
Ina nan ina ƙirgawa, ban kai Tarabulus ba tukuna.