Katin inshorar lafiya ga Baba: wa ya taɓa yi wa tsohonsa?

Maman Khalifa: Assalamu alaikum. Babanmu tsohon ma'aikacin tarayya ne, shekararsa 71, ga hawan jini ga suga. Tun da ya ajiye aiki katinsa na NHIS, wato inshorar lafiya ta ma'aikatan tarayya, ya mutu, magani kuma yana cinye fanshon. An ce in sa shi a GIFSHIP, tsarin da mutum ke biya wa kansa ko iyalinsa, na hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA. Don Allah wanda ya gwada ya ba ni haske.

Ɗan Fagge: Hajiya, zogale da tafarnuwa, a rage gishiri. Shi ke nan.

Abu Yasmin: Ki je KSCHMA, hukumar inshorar lafiya ta jiha, ai su ke kula da ma'aikatan jihar Kano.

Maman Khalifa: Na tarayya na ce, Malam, kuma a Zariya yake.

Baban Sadiq: Ni na yi wa gyatumina. Na biya, aka ce sai an jira kafin katin ya fara aiki, muka jira. Ranar da fitsari ya toshe masa muka garzaya asibitin da muka zaɓa, suka ce sai babban asibiti, can kuma sai kamfanin HMO, mai biyan asibiti a madadin inshorar, ya turo lambar amincewa. Tun azahar nake buga waya har aka kira isha'i, dattijo yana kan benci ya dafe mara, gumi na zuba. Sai da na ciro kuɗina aka sa masa roba. A wurin magani kuma aka miƙo mana farasitamol, sauran "babu, ku saya a waje".

Hajiya Ummi: Allah ya ƙara masa lafiya. Amma ni ma'aikaciyar jinya ce, tsohuwata duk wata tana karɓar Amlodipine na hawan jini da Metformin na suga, kashi 10 cikin 100 kawai muke biya. Zaɓen asibiti ne matsalar.

Baban Sadiq: Ranki ya daɗe, ke ta gida ce. Kin taɓa bin layi?

Abu Yasmin: Kuɗin GIFSHIP dai a da dubu 15 ne a shekara.

Hajiya Ummi: Wannan na rukuni ne, mutum goma. Na mutum ɗaya dubu 45 na sani a da.

Ɗan Tudun Wada: An canza, dubu 38 da 'yan kai aka ce mini.

Ɗan Fagge: Zogalena dai bai ƙara kuɗi ba 😂

Alhaji Zongo: Mu nan Kumasi a Ghana wanda ya kai shekara 70 ba ya biyan kuɗin shekara, sai ɗan na sabunta kati. Amma "magani ya ƙare" mu ma mun san ta.

Ɗan Tudun Wada: Ku fara da fansho tukuna. Kawuna an kira su tantancewa, ana ɗauke da shi aka kai shi, wai a tabbatar yana raye. Giratuti har yau shiru.

Baban Sadiq: Wace shekara ya ajiye aiki? Namu ma bai fito ba.