Inda za a kai yaran da ke karatu a gida ba tare da an kashe kuɗi da yawa ba

Iyayen da aka zanta da su a Kano sun fi ambaton karofin Ƙofar Mata, wanda ake cewa tun 1498 ake rini a wurin. Yaro zai ga an jiƙa baba da toka, an tsoma farin yadi ya fito kore-kore, iska ta buge shi ya rikiɗe shuɗi. Kimiyya ke nan, ba allo ba alli. Wata uwa ta ce a fara ba marina ɗan ihsani kafin a dame su da tambayoyi, kuma ta yi gaskiya.

Tarihi kuwa, sai Gidan Makama, ko hawan Dutsen Dala da sassafe kafin rana ta take. Gida biyu su haɗa kuɗin adaidaita sahu, a tafi da ruwa da abinci a kula.