Tambaya Kan Furucin "Can" da "Can't" a Bakin Amurkawa

Assalamu alaikum, malamai. Ina shirin rubuta jarrabawar TOEFL ta gwada ƙwarewa a Turanci, amma sashen saurare ya tsaya mini a rai. Idan Ba'amurke ya furta "can't", sautin "t" na ƙarshe yakan ɓace mini, sai in ji kamar "can" ya ce, alhali ma'anar ta juye gaba ɗaya. A furucin mutanen Ingila abin da sauƙi, domin wasalin "can't" dogo ne. Na lura cewa "can" yakan raunana a tsakiyar jimla, sai dai wannan ba ya taimaka mini idan magana ta yi sauri. Don Allah, wace alama zan riƙa kamawa da kunne? Sannan wajen neman izini, shin "may" ya fi "can" nuna ladabi har yanzu?