Hilux 1KD tana baƙin hayaƙi kuma ba ta jan tudu: tarbo ne ya mutu?

Mai_Hilux: Assalamu alaikum. Hilux ce mai injin dizal 1KD-FTV, lita 3.0. A silo lafiya lau take, amma da an taka totur a kan tudu sai baƙin hayaƙi da wani fito kamar na usur, ƙarfi kuma babu. An ce a canja tarbo gaba ɗaya. Masana, me ya kamata a duba kafin a kashe wannan kuɗi?

Usta_Dizal: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka sayi tarbo tukuna. Baƙin hayaƙi na nufin mai ya fi iska yawa, wato iskar da tarbo ya matso ba ta isa cikin silinda ba. Fiton nan kuwa sau da yawa iska ce ke tserewa.

Fara da filtar iska. A ƙurar hunturu takan toshe tun lokacin canjinta bai yi ba. Daga nan ka bi tiyon da ya tashi daga tarbo zuwa intakula (mai sanyaya iskar da tarbo ya matso), da wanda ya fita daga intakula zuwa injin. Ka matsa kowanne da hannu, ka leƙa ƙarƙashinsa, domin tsagewar takan ɓuya a gefen da ido ba ya gani, ba ta buɗewa sai matsin iska ya kai wajen bar 1 (bar ma'aunin matsi ne). Inda ka ga danshin baƙin mai da ƙura ta manne a kai, nan ne yoyon. Kilif mai sako-sako ma yana jawo haka.

Idan tiyo lafiya, sai a kwance EGR, wato bawul ɗin da ke mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin injin. Toka da tururin mai suna haɗuwa su zama kamar kwalta, su rage faɗin hanyar iska, ko su bar bawul ɗin a buɗe. Wanki kawai yake so.

Injiniya_B: Na yarda da Usta, amma 1KD tana da abin da ya bambanta ta. Tarbonta mai fikafikai ne masu motsi a ɓangaren salansa, ƙaramin moto na lantarki ne ke juya su. A ƙaramin gudu suna tsukewa don hayaƙi ya bugi fanka da ƙarfi, a babban gudu su buɗe. Idan toka ta daskare a kansu sai su cije, kwamfutar motar ta ga matsin bai yi daidai ba, ta rage mai don kare injin. Don haka a sa na'urar bincike, a kwatanta matsin da kwamfuta ke nema da wanda sensa ke karantawa yayin tafiya. A duba siririn tiyon sensar da 'yar filtarsa, su ma suna toshewa.

Gwajin tarbon kansa ba wuya. Injin a kashe kuma ya huce, cire tiyon shigar iska, kama kan shaf, wato sandar da fanka ke kai, da yatsu biyu. Ɗan motsi gefe da gefe ba laifi, baƙin mai ne ke cike gurbin idan injin ya tashi. Motsi gaba da baya, ko fanka mai gogar jikin gidanta, ko fikafikan da suka gutsure, wannan kam ya gama aiki.

Usta_Dizal: Haka ne. In kuwa ya tabbata ya mutu, a nemo abin da ya kashe shi, in ba haka ba sabon ma zai bi shi. Shaf ɗin yana juyi sama da 100,000 a minti, a kan siririn mai yake yawo. A 1KD, washar tagulla da ke ƙarƙashin nozul (mai fesa dizal cikin silinda) takan yi yoyo, hayaƙi ya shiga baƙin mai, ya dunƙule, ya toshe rariyar famfon mai a cikin kwanon ƙasa. Tarbo ne ke fara jin ƙishin. A leƙa rariyar, a canja washoshin huɗu, a wanke ko a canja bututun da ke kai wa tarbo mai. Kafin a tayar da sabon, a ɗura masa mai ta bakin bututun.

Motar nan baƙin mai kusan lita 7 take ci, a hanyoyinmu masu ƙura a juye shi duk kilomita 5,000. Bayan doguwar tafiya a bar ta a silo minti 1 zuwa 2 kafin a kashe, don kada mai ya ƙone a kan shaf mai zafi.

Injiniya_B: Idan bincike ya kai ga canja nozul, dole a shigar da lambar da ke kan kowanne cikin kwamfuta, in ba haka ba hayaƙin da ƙwanƙwasar ba za su daina ba.